Gona, fuloti da burtali: tambayoyi da amsoshi kan dokar filaye ta Najeriya

Wa ke da ƙasa a doka, mai gona ko gwamna?

Tun ranar 29 ga Maris 1978, lokacin da gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Filaye, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, yana riƙe da ita domin amfanin 'yan Najeriya baki ɗaya. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani da wurin. Yana iya nomawa, ya yi gini, 'ya'yansa su gada, amma asalin ƙasar ba tasa ba ce.

A Kudu wannan ya girgiza mutane, domin can dangi da gari ne suka saba riƙe ƙasa. A Arewa kuwa tsohon zance ne aka sabunta. Turawan mulkin mallaka sun sa ƙasar Arewa a hannun gwamna tun 1910, gwamnatin Jihar Arewa ta sake tabbatar da haka a dokarta ta 1962, kuma daga wannan dokar aka kwafo yawancin abin da ke cikin ta 1978.

Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke bayar da ita kai tsaye. Sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin zama irin na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna.

To ina matsayin dagaci da hakimi?

Dokar ba ta ba su ikon raba ƙasa ba. A aikace kuwa babu cinikin gona da ke tafiya a ƙauye ba tare da mai unguwa ko dagaci ya sani ba, kuma su ne suka san wa ya gaji wane, wace gona ce aro, wacce ce jingina. Takardar da dagaci ya sa wa hannu shaida ce mai amfani a kotu cewa an yi ciniki a gaban shaidu. Ba ta zama takardar mallaka ba, banki ba ya karɓarta, kuma ba ta hana gwamnati karɓe wurin.

Yawancin rigingimun fili daga wannan giɓin suke fitowa: doka na kallon ofishin gwamna, jama'a na kallon zauren dagaci, kowanne kuma yana iya ba da wuri ɗaya ga mutane biyu ba tare da ɗayan ya sani ba.

Gonar da muka gada tun kafin 1978, ba mu da ko takarda ɗaya. Ta zama ta gwamnati ke nan?

A'a. Sashe na 36 ya ce wanda ke noma wuri a karkara kafin dokar ta fito zai ci gaba da riƙe shi tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Sashe na 34 ya yi irin wannan tanadi ga gidajen birni da aka riga aka gina. Filin birni da ba a gina ba ne dokar ta taƙaita, ta bar wa mai shi rabin hekta, wato murabba'in mita 5,000, sauran ya koma hannun gwamna.

Matsalar ita ce hujja. Ranar da aka yi jayayya, sai ka nuna yadda wurin ya zo hannunka. Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi biyar tun 1976: tarihin gado daga wanda ya fara saran dajin, takardu ingantattu, ayyukan mai abu na tsawon lokaci kamar ba da aro ko haya ko sayar da wani yanki, daɗewa ana riƙe da wurin ana amfani da shi, sai kuma mallakar filin da ke maƙwabtaka a yanayin da ke nuna duka na mutum ɗaya ne. Wanda ya dogara da tarihin gado dole ya jero sunayen magabata ba tare da tsallake ba. Da yawa sun faɗi a kotu saboda dattijon da ya san jerin ya rasu ba a rubuta ba.

Idan na samu takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, magana ta ƙare?

Ba ta ƙare ba. Takardar tana da ƙarfi, amma a shari'ar Ogunleye da Oni ta 1990 Kotun Ƙoli ta ce takardar ba ta ƙirƙirar haƙƙin da babu shi tun farko. Idan wani ya tabbatar cewa yana da haƙƙi a wurin kafin a ba ka, kuma ba a soke nasa ta hanyar doka ba, takardarka ta zama takarda kawai.

Akwai kuma sharuɗɗa a jikinta da mutane ba sa karantawa. Wa'adinta yawanci shekara 99 ne a filin zama. An rubuta abin da aka ba da wurin dominsa, gida ko kasuwanci ko noma. An sa lokacin da za a kammala gini, da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Saɓa wa waɗannan dalili ne na soke ta. Wanda ya mayar da gidan zama shaguna ko makaranta ba tare da neman canjin amfani ba ya ba hukuma sandar da za ta doke shi da ita.

Zan sayi fuloti. Me zan duba kafin na ba da kuɗi?

Fara da tambayar yadda wurin ya zo hannun mai sayarwa. In gado ne, an raba ko ba a raba ba? Gonar gado da ba a raba ba, babban wa ba shi da ikon sayar da ita shi kaɗai. Nemi takardar rabon gado daga kotu, ko kuma dukkan magada su sa hannu, har da mata. 'Yar da aka aurar wani gari tana da rabin kason ɗa namiji, matar mamaci tana da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu. Su ne aka fi mantawa da su, kuma su ko 'ya'yansu ne ke dawowa bayan shekaru da ƙara. Ga kuma haƙƙin shuf'a a mazhabar Malikiyya: abokin tarayya a filin da ba a raba ba yana iya biyan kuɗin da ka biya ya karɓe kason da aka sayar maka.

Daga nan sai bincike a ofishin filaye na jiha, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. Da lambar fayil za a gaya maka sunan da ke rajista, ko an jinginar da wurin ga banki, ko akwai ƙara a kansa, ko an soke shi. Kada ka yarda da hoton takarda a waya. Ka ga ta asali, ka gwada sunan da ke ciki da katin shaidar mai sayarwa.

Sai ka ɗauki safiyo mai rajista ya je wurin da kansa ya ɗauki lambobin kusurwoyi, a ɗora su kan taswirar gwamnati. A nan ake gane fulotin da ya faɗa kan hanya, ko filin makaranta, ko wurin da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya. A auna girman kuma: ƙafa 50 da 100 ya kama kusan murabba'in mita 465, kuma igiyar dillali ba kasafai take cika ba.

Tambayi maƙwabta na gabas da yamma, kudu da arewa, ba tare da dillali yana tsaye ba. La'adarsa tana kan cinikin ya faɗa.

Bayan an biya, a rubuta yarjejeniyar sayarwa, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Kuɗin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ana lissafa shi bisa ƙimar da jami'an gwamnati suka yi wa wurin, ba lallai farashin da kuka rubuta ba.

Me ya sa sai da amincewar gwamna?

Sashe na 22 ya hana sayarwa, jinginarwa ko ba da hayar dogon zango ta filin da ke ƙarƙashin gwamna ba tare da izininsa ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka yi ba haka ba ɓatacce ne. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wani ya jinginar da gidansa ya ci bashi, da aka zo sayar da gidan ya ce ai ba a nemi izinin gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ce jinginar ba ta inganta ba. Tun daga nan bankuna suka ƙara tsanani.

Wannan sashe ne aka fi kuka da shi. Neman izinin na cin watanni, wani lokaci shekaru, don haka mutane ke sayar da gida hannu uku ko huɗu sunan mai farko na nan a fayil. Ranar da mai farkon ya rasu, magadansa na iya neman sabuwar takarda su sake sayarwa.

Awon igiya fa?

Shi ne yanka gona fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, kuma da shi aka gina unguwanni masu yawa a gefen Kano da sauran birane. Sashe na 36 ya hana yanka gonar karkara zuwa fuloti ƙarara. Mutane na saye saboda araha, kuma fulotin gwamnati ba ya isa ga talaka.

Illarsa daga baya take bayyana. Mai gona yana son fuloti da yawa, sai ya matse hanya ta zama lungun da motar kashe gobara ba ta shiga. Ba a bar wurin makaranta ko asibiti ko maƙabarta. Ba a duba inda ruwa ke bi, sai damina ta zo a ga an gina gidaje a kan hanyarsa ko cikin kududdufin da aka cike da shara. Wasu jihohi suna buɗe ƙofar daidaita irin waɗannan filaye a ba su takarda, in ba su hau hanya ko magudana ba. In an buɗe, a yi amfani da damar.

Ina da takardar fili. Me ya sa aka shafa wa ginina jan fenti?

Takardar fili daban, izinin gini daban. Na biyun hukumar tsara birane ke bayarwa, kamar KNUPDA a Kano, bayan ta duba zanen gini, tazararsa da titi da maƙwabta, da ko ya dace da abin da aka ware unguwar dominsa.

Akwai tazarar da ba a sassautawa. A ƙarƙashin babban layin lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane ɓangare, mai 132 kuma mita 15. A titin gwamnatin tarayya ana barin mita 45.72 daga tsakiyar titi.

Gwamnatin tarayya ta yi dokar tsara birane a 1992, amma a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari hurumin jihohi ne. Saboda haka dokar jiharka za ka nema. Ƙa'ida ita ce a ba da sanarwar dakatar da aiki, a ba da wa'adi, kafin a zo da katafila. Rusau ɗin Kano na 2023, wanda ya haɗa da shagunan filin Idi da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, ya nuna wani haɗari na daban: gwamnati ɗaya ta ba da filin jama'a, wadda ta gaje ta ta ce ba bisa ƙa'ida aka bayar ba. Filin da aka yanko daga makaranta, masallacin Idi, maƙabarta ko badala, komai kyan takardarsa, yana tare da wannan haɗarin.

Gwamnati za ta karɓi gonata. Me doka ta ba ni?

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke haƙƙin zama don amfanin jama'a, kamar hanya, makaranta, asibiti, madatsar ruwa, bututun mai ko haƙar ma'adinai. Dole a ba mai wurin sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba izini, a kuma faɗi dalilin. Sanarwa a rediyo ko ta bakin dagaci ba ta wadatar ba. Kotuna sun sha rushe sokewar da aka yi ba tare da sanarwa ta isa ga mai wuri ba, da wadda aka karɓe daga wani don kawai a ba wani ɗan kasuwa.

A batun diyya ne dokar ta fi cutar manomi. Sashe na 29 bai biyan kuɗin ƙasar kanta. Ana biyan abin da ke kanta: gini bisa kuɗin sake gina shi bayan an cire tsufa, amfanin gona da itatuwa bisa farashin da jami'in gwamnati ya tsayar, rijiya ko magudanar ban ruwa, da kuɗin ƙasar da aka biya a shekarar. Gonar da aka karɓa da rani, bayan an girbe gero, a lissafin doka kusan babu komai a kanta, alhali ita ke ciyar da gida shekara da shekaru. Wasu jihohi na rage zafin ta hanyar ba manomi wani kaso na fulotan da aka yanka, amma wannan tsarin jiha ne, yana canjawa da canjin gwamnati.

Abin yi a aikace: ka kasance a wurin ranar ƙidaya. A ƙirga kowace bishiya da sunanta da girmanta, mangwaro, ɗorawa, kuka, dabino, domin farashinsu ya bambanta. A ɗauki hoto mai kwanan wata. Kada a sa hannu a takardar da ba a cike ba. Jama'ar gari na iya haɗa kuɗi su ɗauki ƙwararren mai ƙiyasta kadara ya wakilce su. Wanda aka rushe wa gidan zama yana iya karɓar wani matsuguni a madadin kuɗi.

Abin da ya faru a Bakolori, kusa da Talata Mafara, daga nan ya taso. An gina madatsar ruwa, aka karɓe gonaki, diyya da rabon sabbin filaye suka rikice, manoma suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta aka kashe mutane.

Ina dokar muhalli ta shigo?

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta nazari kafin a fara manyan ayyuka. Cikin jerin akwai mayar da daji mai hekta 500 ko fiye zuwa gona, aikin noma da zai tashi iyalai 100 ko fiye, madatsar da ruwanta zai rufe hekta 200, da aikin ban ruwa mai hekta 5,000. Ana ajiye rahoton a wuraren da jama'a za su gani na kwanakin aiki 21 don su yi ƙorafi, Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kuma ita ke amincewa.

Inda abin ke lalacewa: rahoton da Turanci yake, mai kauri, yana sakatariyar ƙaramar hukuma, makiyayi da masunci ba su san an ajiye shi ba. Sau da yawa kuma an fara aiki kafin a gama nazarin. Waɗanda ke ƙasan kogi ba a cika tambayarsu ba. Madatsun Tiga da Challawa sun canja yadda ambaliya ke sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoman shinkafa da masunta da makiyaya suka koma rububin abin da ya rage.

Ma'adinai kuwa na gwamnatin tarayya ne ko a gonar wa aka same su, bisa tsarin mulki da dokar ma'adinai ta 2007. Mai neman lasisi yana buƙatar amincewar mai gona, mai babban aikin haƙa kuma dole ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'umma. Haƙar da babu sa ido ita ta jawo gubar dalma a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka mutu saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje.

Burtali da makiyaya suna da kariya a doka?

Suna da ita a takarda. Dokar Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe dazuzzukan kiwo, irin su Wawa-Zange a Gombe, Bobi a Neja da Kaciya a Kaduna. Alƙaluman da hukumomi suka sha ambata su ne makiyaya, wato dazuzzukan kiwo, 415, waɗanda 141 kacal aka shigar a gazet, mujallar da gwamnati ke buga dokoki da sanarwarta. Wadda ba a shigar ba, da wuya a kare ta a kotu ranar da aka yanka ta gonaki.

Rigimar tana da lokutanta. Da kaka, shanu na gangarowa daga arewa kafin a gama kwashe wake da dawa. Da rani, noman fadama ya mamaye bakin ruwan da shanu ke sha, lambu ya toshe hanyar mashaya. Burtalin da ya kamata garke ya wuce a sake, maƙwabtansa na cin taku ɗaya-ɗaya kowace shekara har ya zama siririn da shanu ba sa wucewa sai sun taɓa shuka. Dā manomi na roƙon Bafulatani ya sauka a gonarsa don taki. Yanzu kara da harawa kuɗi ne, ana tattarawa a sayar.

Haƙƙin makiyayi na wucewa ne da shan ruwa na ɗan lokaci, dokar 1978 kuma ta fi gane wanda ya zauna wuri ɗaya ya noma. Jihohi sun bi hanyoyi mabambanta. Binuwai ta hana kiwon sake a 2017. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin sauya fasalin kiwo a 2019, ta kafa ma'aikatar kula da dabbobi a 2024, amma ba ta da filin da za ta bayar sai abin da gwamna ya yarda.

In an yi ɓarna, a kira dagaci da arɗo su gani da ido a ranar, kafin sawu ya ɓace, malamin gona ya ƙiyasta, a rubuta abin da aka amince. Sarar dabba ko ɗaukar fansa yana mayar da maganar diyya ta zama laifin da mai gonar ne zai amsa.

Nijar ta fi mu tsari a nan?

A rubuce, ta fi. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kafa kwamitocin filaye daga ƙauye zuwa gunduma, inda sarakuna, manoma, makiyaya da jami'ai ke zama tare. Kwamitin ƙauye na rubuta takardar saye, kyauta, aro, haya da jingina. Dokar 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙi ne, ta hana mallake filin kiwo, hukuma kuma na sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Ana kafa turakun siminti a gefen burtali. Rikicin fili sai ya bi ta sulhun sarki kafin ya je kotu. Kwamitoci da yawa ba su da kuɗin aiki, ana ci gaba da faɗa, amma aro da jingina da aka rubuta sun rage musun da ke tashi bayan mai gona ya rasu.

Wace kotu zan je?

Filin da ke da takardar gwamna, Babbar Kotun Jiha. Gonar karkara da rabon gado, kotun yanki ko ta shari'ar Musulunci, kodayake tun wani hukuncin Kotun Ƙoli na 2000 Babbar Kotu ma na iya saurara. Kada a yi jinkiri. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga baƙo na noma ko gini a filinsa shekara 10 yana gari bai yi magana ba, hauzi na iya rufe masa baki, sai dai in ya nuna aro ne ko jingina ko haya.

Me ya hana a gyara dokar?

An cusa ta cikin tsarin mulki, sashe na 315 na kundin 1999. Gyara ta na buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24. Majalisun jihohi kuwa ba kasafai suke saɓa wa gwamnoni ba, kuma rabon fili na cikin manyan abubuwan da gwamna ke riƙe mutane da su.

Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gwada a 2009. Ya aika ƙudurin da zai taƙaita neman izinin gwamna ga sayarwa kawai, a cire jingina da haya, bai wuce ba. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya ce ƙasa da kashi 3 cikin 100 na filayen ƙasar ke da rajista. Kwamitin ya gwada rajistar gida-gida a Kano da Ondo: ma'aikata su shiga unguwa, a nuna iyaka a gaban maƙwabta, a kafe sunaye a bainar jama'a don mai ƙorafi ya fito, sannan a ba da takarda da araha.

Abubuwa da dama ba sa jiran gyaran tsarin mulki. Gwamna na iya wakilta kwamishina ya riƙa sa hannu, ya rage kuɗin rajista, ya sabunta jadawalin farashin itatuwa da amfanin gona, ya shigar da dazuzzukan kiwo da burtalai a gazet a kafa musu turaku. Dukkansu da sa hannunsa kaɗai ake yi, kuma su ne ya kamata ƙungiyar manoma ko ta makiyaya ta rubuta a takardar buƙatunta ga majalisar jiha.